Kundin Masoya a Kan Darakta Mahamat-Saleh Haroun: Yadda Na Auna Shi Kafin In Sa Hannu

A ƙarshen daminar bara, wata ranar Asabar bayan la'asar, ɗan yayata ya yi sallama a gidana da ke Injamena tare da abokansa huɗu, uku maza, ta huɗun kuma ƙanwar ɗayansu ce wadda take shekarar ƙarshe a sakandare. Sun zo da kundi mai shafi 46 wanda suka buga a kwamfuta, aka ɗinke musu shi da zoben roba a shagon masu fotokofi, a bangonsa kuma ga hoton Mahamat-Saleh Haroun, daraktan finafinan nan ɗan Chadi. Sun ce sun shafe kusan wata takwas suna haɗuwa duk daren Juma'a suna kallon finafinansa, har sha'awa ta kai su ga rubuta tarihinsa da bayanin ayyukansa da Hausa, domin duk abin da suka iske an rubuta a kansa da Faransanci ne ko Ingilishi. Abin da suke so shi ne in rubuta musu gabatarwa in sa hannu, in ajiye kwafi biyu a ɗan ɗakin karatun unguwa da nake kula da shi, su kuma su buga kwafi 50 su aika wa dangi da abokai a Kusiri da Marwa da Garwa, garuruwan arewacin Kamaru.

"Kawu, albarka kawai za ka sa mana," in ji ɗan yayata, yana miƙo kundin da hannu biyu. Na ce masa albarka na sa tun ban buɗe ba, amma sa hannu shaida ce, kuma mutum ba ya shaidar abin da bai gani ba. Na nemi su ba ni mako uku.

Ban ɗauko ma'aunin kundin digiri na ɗora wa aikin yaran nan ba, domin yin haka zalunci ne. Aikin masoya yana da nasa hali: ba a biya kowa ba, ba edita a kansa, kuma so ne ya haife shi. Tambaya ɗaya na riƙe tun daga bango har bango. Idan wani yaro a Garwa, wanda bai taɓa kallon fim ko ɗaya na mutumin nan ba, ya karanta kundin ya rufe, shin abin da zai fita da shi gaskiya ne, kuma shin zai iya bambance abin da marubutan suka gani da idonsu da abin da suka tsinta a bakin wasu? Don in amsa ta, na sake kallon finafinai shida, na ɗauko jan biro, na riƙa yin alama a gefen duk jumlar da ta ƙunshi shekara ko suna ko lambar yabo, sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Shafukan farko, waɗanda suka ba da tarihin rayuwarsa, sun fi ko'ina tsafta a ido, kuma yawancin abin da ke cikinsu daidai ne. An haife shi a Abeshe a 1961, an ji masa rauni a lokacin yaƙin basasa, ya tsallaka Kamaru, ya isa Faransa a 1982, ya karanta fim a Paris da aikin jarida a Bordo, ya yi aikin jarida na wasu shekaru kafin gajeren fim ɗinsa na 1994. Duk wannan yana nan a jere. Sai dai a shafi na 3 an ce a Abeshe aka haife shi, a shafi na 7 kuma an kira shi haifaffen Injamena, wanda ya nuna mini mutum biyu ne suka rubuta shafukan ba tare da ɗaya ya karanta na ɗaya ba. Sunansa ma ya zo a siga uku: yadda yake rubuta shi, da wata siga da aka jefar da Saleh, da kuma Muhammadu Salihu Haruna. Na fahimci niyyar siga ta uku, wato a jawo shi kusa da kunnen Bahaushe, amma mai karatun da ya ɗauki wannan suna ya je neman finafinan ba zai same su ba. Sunan da ke kan aikin mutum ba a yi masa kwaskwarima.

Inda kurakuran suka dosa

Kuskure kowa yana yi, ni ma da nake riƙe da jan biro ina yi. Abin da ya tsayar da ni a kundin nan shi ne alƙiblar kurakuran, domin da na jera manyansu a takarda ɗaya sai na ga duk sama suka nufa, babu ko ɗaya da ya rage wa daraktan wani abu.

A shafi na 12 an rubuta da manyan baƙaƙe cewa fim ɗinsa na 2010, Un homme qui crie, ya lashe Palme d'Or, babbar kyautar bikin finafinai na Cannes da ke Faransa. Ba haka aka yi ba. A shekarar, Palme d'Or ta tafi ga wani fim na ƙasar Tailan, shi kuma Haroun ya karɓi Kyautar Alƙalai, wadda daraja ce babba amma tana ƙasa da waccan. A shafi na 10 an ce fim ɗinsa Daratt ya ɗauki Zakin Zinare, babbar kyautar bikin finafinai na Venis, a 2006, alhali wani fim na ƙasar Sin ne ya ɗauka, Daratt kuwa Kyautar Alƙalai ta Musamman aka ba shi. Da aka zo kan FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu duk bayan shekara biyu, sai aka ce ya ci kyautar bikin, wato Ingarman Yennenga, sau biyu, aka yi shiru a nan. Mai karatu zai ɗauka na zinare ne, tunda in an ce ingarman ba tare da ƙari ba shi ake nufi. Gaskiyar ita ce na tagulla ya samu a 2007, na azurfa kuma a 2011. Wannan na uku ya fi ba ni haushi, domin ba a faɗi ƙarya ƙarara ba, an dai datse gaskiya a daidai wurin da za ta yi kama da abin da ya fi ta.

Abin takaicin shi ne gaskiyar ta fi ƙarin gishirin daɗin ji. A 2007 ɗin nan, na zinare ya tafi ga Newton Aduaka na Najeriya, na azurfa ga Jean-Pierre Bekolo na Kamaru, na tagulla ga Haroun na Chadi. Maƙwabta uku da suka haɗa Tafkin Chadi su suka hau matakan nan uku a shekara guda, kuma kundin da za a aika Marwa da Garwa ya tsallake wannan labari saboda yana ƙoƙarin ɓoye kalmar tagulla. Haka nan a 2010, abin da ya kamata a buga da manyan baƙaƙe shi ne cewa tun 1997, lokacin da Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso ya shiga, ba a sake ganin fim daga Afirka ta kudu da Sahara a babbar gasar Cannes ba sai da na Haroun ya shiga, wato bayan shekara 13, kuma a shekarar da ta biyo baya, 2011, shi kansa aka zaunar da shi cikin alƙalan gasar. Wanda yake da irin wannan a hannu bai da buƙatar aron kambin wani.

Da na tambaye su yadda aka yi Kyautar Alƙalai ta rikiɗe ta zama Palme d'Or, babbansu, wanda yake sayar da kayan waya a babbar kasuwa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, mun ga hotonsa a kan dandamali yana riƙe da kyauta, kuma a jikin hoton akwai ganyen dabino." Ganyen dabinon tambarin bikin ne gaba ɗaya, ana buga shi a jikin fostar duk fim ɗin da aka zaɓa, ko ya ci ko bai ci ba. Ba su yi niyyar yaudara ba. Sun ga alama, zuciya ta riga ido yanke hukunci, kuma a cikinsu babu wanda ya so ya zama mai rage wa gwaninsu daraja ta hanyar tambaya.

Akwai wani zuzutawar da ta fi waɗannan nauyi, domin ta shafi haƙƙin wasu. Kundin ya buɗe da cewa kafin Haroun babu wanda ya taɓa ɗaukar kyamara ya yi fim a Chadi. Abin da aka sani shi ne fim ɗinsa Bye Bye Africa na 1999 ana lissafa shi a matsayin dogon fim na farko daga Chadi, kuma wannan ya isa abin alfahari. Amma Edouard Sailly ya yi gajerun finafinai tun cikin shekarun 1960, Zara Mahamat Yacoub kuma ta fitar da nata a kan kaciyar mata a 1994. A jerin ayyukan da ke shafi na 15 kuwa na tarar da Daresalam na 2000, wanda aikin Issa Serge Coelo ne. Na gane hanyar da kuskuren ya biyo: ɗan wasa Youssouf Djaoro ya fito a wancan fim, ya kuma fito a Daratt da Un homme qui crie da Lingui, sai yaran suka ga fuskar da suka saba gani suka jingina aikin ga daraktan da suka sani. Coelo ɗin nan shi aka damƙa wa sinimar Normandie lokacin da aka sake buɗe ta a 2011, wato mutumin da ya riƙe ƙofar da mutanen Injamena suka bi suka kalli fim a babban allo, kuma sunansa bai fito ko sau ɗaya a shafi 46 ba, sai aikinsa da aka ba wani.

Daga nan na koma kan harshen shafukan tarihin, domin tun karatun farko wani abu ya riƙa yi mini ƙaiƙayi a kunne. A shafi na 2 an bayyana Chadi da cewa ƙasa ce marar gaɓar teku a tsakiyar Afirka wadda yaƙi ya ɗaiɗaita, an kuma kira Abeshe wani gari da ke gabashin ƙasar kusa da Sudan. Yaron da aka haifa a Injamena, wanda motocin Abeshe suke tashi a gaban idonsa kullum, ba ya gabatar da ƙasarsa haka ga ɗan'uwansa na Kusiri. Wannan muryar baƙo ce tana yi wa baƙi bayani. Jumlolin ma Hausa ce a baki amma ƙashinsu na Faransanci ne, dogaye masu saƙale-saƙale, aikatau yana can ƙarshe yana jiran a iso gare shi. Da na matsa, suka amsa cewa shafi 14 na farko fassara ce daga abin da suka samo a intanet, ba su kuma ajiye sunan ko wuri ɗaya da suka ɗauko ba. Fassara ba laifi ba ce, hasali ma hidima ce ga wanda ba ya jin Faransanci, amma wanda ya fassara sai ya ce fassara ya yi, ya faɗi kuma daga ina. Hotuna 19 da ke ciki babu wanda aka rubuta sunan mai ɗaukarsa ko fim ɗin da aka ciro shi. A shafi na 9 kuma akwai wata magana mai daɗi a kan sinima da ƙwaƙwalwar al'umma, an sa ta cikin alamar zance an ce daraktan ne ya faɗa. Na tambayi a wace hira, da wace jarida, a wace shekara. Babu wanda ya sani. Ɗaya ya ce a jikin wani hoto ya gan ta a WhatsApp.

Shafukan da suka so su cire

Shafi 11 na ƙarshe suna ɗauke da kanun "Hirarmu bayan kallo", kuma tun ranar da suka kawo kundin ɗan yayata ya ba ni haƙuri a kansu, ya ce surutu ne kawai, in na ga sun ɓata aikin za su cire. Rubutun wurin bai da gyara, akwai kuren baƙaƙe, wasu jumlolin ba su da aya. Shi ne kuma sashen da na karanta sau uku.

A can ne wani daga cikinsu, wanda mahaifiyarsa Balarabiyar Shuwa ce, ya tsaya a kan sunan Daratt. Ya ce an fassara shi da Faransanci da ma'anar rani, amma a Larabcin Chadi darat lokaci ne takamaimai, wato ɗan tsakanin nan bayan ɗaukewar ruwa kafin shigowar sanyi, sa'ad da gero ya nuna ake girbi, abin da Bahaushe zai kira kaka. Sai ya yi tambaya: idan sunan fim ɗin kaka ne, me ake girba a cikinsa? Ya amsa da kansa cewa kakan yaron da ke fim ɗin ya shuka fansa a zuciyar jikansa tun yana ciki, ya miƙa masa bindigar ubansa ranar da rediyo ta sanar da afuwa ga masu laifin yaƙi, ya aike shi Injamena ya girbo ran wanda ya kashe uban. Ya ƙara da cewa sunan yaron, Atim, maraya yake nufi, don haka duk wanda ya kira shi a fim ɗin yana tuna masa aikin da aka aiko shi ne ko bai sani ba. Ko daraktan ya nufi wannan duka ko bai nufa ba, karatu ne wanda ya tsaya da ƙafarsa, yana da hujja a harshe, kuma mai kallon da ya dogara da rubutun fassarar ƙasan allo ba zai kai gare shi ba.

Wani kuma, wanda ya taɓa yin aikin hutu a gidan burodi, ya rubuta shafi guda a kan hannayen Nassara, tsohon sojan da ya kashe uban Atim, wanda ya koma mai burodi. Ya lura da yadda mutumin yake koya wa yaron murza ƙullu ba tare da doguwar magana ba, ga shi kuma maƙogwaronsa ya lalace sai ya kara wata na'ura a wuya kafin murya ta fito, ya ce a gidan burodi na gaske ma haka ake koyo, da ido da hannu, tsakar dare, zafin tanda yana dukan fuska. Ya rubuta mintin da kowane abu ya faru a fim ɗin, yadda mai shakka zai iya zuwa ya duba. Na je na duba guda huɗu, na same su yadda ya faɗa. Wannan ɗabi'a ta rubuta minti ita ce madogarar da shafukan tarihin suka rasa, kuma yaron ya yi ta ne ba tare da wani ya koya masa ba.

A kan Abouna na 2002, sun yi gardama a rubuce game da makarantar allon da uwa ta kai 'ya'yanta biyu bayan uban ya tafi bai dawo ba. Biyu daga cikinsu sun yi karatun allo, ɗaya ya ce an tsananta, ɗaya ya ce bulalar da ya sha ta fi wadda aka nuna, kuma an bar ra'ayoyin biyu gefe da gefe ba a yanke hukunci ba. A kan Grigris na 2013 sun yi bayanin abin da ke sa fetur ya riƙa tsallako kogi da dare, da kwalaben da ake jerawa a bakin titi, da 'yan kalando, wato 'yan acaɓa, da suke saye, bayani irin na wanda ya tashi yana gani. Ɗan yayata kuwa ya rubuta sakin layi guda a kan Un homme qui crie wanda ya sa na ajiye biro. Ya ce abin da ya gane a fim ɗin shi ne yadda yaƙi yake fara shigowa gida ta rediyo da ƙarar jirgi tun kafin a ga soja, domin haka yake tunawa da Fabrairun 2008, yana ƙaramin yaro, lokacin da 'yan tawaye suka shigo Injamena, uwarsa ta goya ƙanensa ta ja hannunsa suka bi ayarin mutane ta gadar Ngeli zuwa Kusiri. Ni ne na ɗauki buhun kayan a ranar, amma ban taɓa sanin abin da ya riƙe a ransa ba sai a wannan shafi.

Hukuncina a kan wannan sashe shi ne cewa a nan kaɗai kundin ya ba da abin da babu shi a wani wuri. Shekarar haihuwa da jerin kyaututtuka kowa zai iya samu, kuma waɗanda suka rubuta su da Faransanci sun fi yaran nan kusa da takardun. Ma'anar darat, da zafin tanda, da gadar Ngeli, su ne ganau a kansu.

Abin da ba a rubuta ba

Awon aiki bai cika ba sai an duba gurbin da aka bari. Kundin bai ambaci cewa Haroun ya riƙe muƙamin ministan da ke kula da al'adu da yawon buɗe ido a gwamnatin Idriss Déby daga Fabrairun 2017 zuwa Fabrairun 2018 ba. Fim ɗinsa na 2016, wanda ya ba waɗanda aka azabtar a zamanin tsohon shugaban Chadi Hissène Habré dama su yi magana da bakinsu, layi ɗaya aka ba shi, suna da shekara, ko da yake ya fito ne a watan da kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai. Sun ce ba sa son siyasa. Na ce musu ban nemi su yabi kowa ko su zagi kowa ba, amma tarihin mutum da aka cire shekarar ministansa tarihi ne mai giɓi, kuma mai karatun da ya gano giɓin daga baya zai fara zargin sauran shafukan.

Babu kuma suka ko ɗaya a sashen farko, alhali a zaman da muka yi babbansu ya amsa da dariya cewa barci ya kwashe shi a kallonsa na farko na Daratt. Wannan ba abin kunya ba ne. Mu da muka saba da finafinan Kano da na Indiya, inda waƙa take shigowa kafin mutum ya gaji kuma magana ba ta yankewa, fim mai dogon shiru yana buƙatar a koyi kallonsa. Yaron Garwa da za a miƙa wa kundin ya cancanci a gaya masa haka tun farko, don kada ya kunna ya kashe bayan minti goma ya ce an yaudare shi. Tambayar su wa ake yi wa waɗannan finafinai, tunda kuɗin yin su galibi daga Turai yake zuwa kuma a can aka fi kallonsu, ita ma ba a taɓa ta ba, ko da yake daraktan da kansa ya ɗora ta a tsakiyar Bye Bye Africa, inda yake zagaya gidajen sinimar Injamena da suka zama kufai.

Batun Lingui na 2021 ya fi kowanne wuya. A kundin an rubuta cewa labarin uwa ne da 'yarta da zumuncin mata, aka tsaya. Ba a faɗi cewa yarinyar mai shekara 15 ciki ne da ita kuma tana neman a zubar ba, wanda shi ne ginshiƙin labarin. Ashe yarinyar da ke cikinsu ta rubuta shafi biyu a kan fim ɗin, yayanta ya cire kafin a buga. Da na nemi in gani, ta ciro su daga jakarta a ninke. Ta fara ne da sana'ar uwar, wadda take farke tsofaffin tayoyi ta zare wayar ciki ta saƙa murhun gawayi ta ɗora a kai ta shiga gari talla, ta ce irin murhun ne a tsakar gidansu kuma ba ta taɓa tunanin hannun da ya saƙa shi ba. Daga nan ta faɗi abin da fim ɗin ya ƙunsa a fili cikin ladabi, ta ce addininmu yana da hukuncinsa a kan lamarin kuma ita ba ta zo canza shi ba, amma fim ɗin ya sa ta tambayi dalilin da ya sa ake korar yarinya daga makaranta a bar wanda ya yi mata cikin yana yawonsa.

Yayan ya ce, "Malam, sunan gidanmu ne zai bi takardar nan har Garwa." Ban raina maganarsa ba, domin na san unguwa kuma na san bakin mutane. Na ce masa akwai hanya biyu da zan iya sa hannu a kansu: ko a mayar da shafukan ba tare da sunan kowa a kansu ba, ko a bar su a cire amma a rubuta jumla ɗaya da ke faɗin abin da fim ɗin ya ƙunsa, don kada uba ya kunna shi a gaban ƙananan 'ya'yansa bisa amanar kundin. Abin da ba zan sa hannu a kai ba shi ne bayanin da aka yi shi don mai karatu ya fahimci wani abu daban.

A ƙarshen mako na uku na mayar musu da kundin ba gabatarwa, na haɗa da takarda mai shafi biyu. Na nemi a gyara kyaututtukan uku da sunayensu na gaskiya, a mayar wa Coelo fim ɗinsa, a ambaci waɗanda suka riga, a tsayar da suna ɗaya, a taƙaita tarihin zuwa shafi huɗu da Hausar bakinsu tare da faɗin inda aka samo kowace shekara, a cire duk hoton da ba a san mai shi ba, sannan a ɗauko hirar bayan kallo daga ƙarshe a kawo ta gaba. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba su mamaki, har ɗan yayata ya tambaye ni ko ba'a nake yi.

Sun yi fushi na kwana biyu, abin da na sa rai da shi, sannan suka koma aiki. Bayan wata ɗaya da rabi suka dawo da kundi mai shafi 31. Hotuna sun ragu zuwa biyar, duka daga cikin finafinan, kowanne da sunan fim da shekara a ƙarƙashinsa. Shekarar minista ta shiga a jumla ɗaya. Shafukan Lingui sun dawo ba suna, yayan ne ma ya kai su wurin bugu, ko da yake har yau bai ce mini ya yarda ba. Na sami kuskure biyu sababbi, ɗaya a shekarar Grigris ɗaya a rubutun sunan mawaƙin Senegal Wasis Diop, wanda ya yi kiɗan da yawa daga finafinan, muka gyara da biro a kan tabarma kafin a kai fotokofi. Kuɗinsu bai kai na kwafi 50 ba, 30 aka buga, 12 daga ciki suka tsallaka gada a jakar wani ɗan kasuwa mai zuwa Marwa.

Maganar nan ta shafi na 9 ita kaɗai muka rabu ba mu daidaita ba. Babbansu ya nace cewa ta yi kama da irin abin da daraktan zai faɗa, ni kuma na nace cewa kama ba shaida ba ce. Suka cire ta, amma suka ƙi cike wurin, suka bar layi uku fari da ɗan rubutu a ƙasa cewa akwai wata magana da ake jingina masa wadda suke neman asalinta, duk wanda ya san hirar da aka yi ta ya sanar da su. Kwafi biyun suna ɗakin karatu a kanta ta biyu, kuma wanda ya ari ɗaya a watan jiya ya dawo da shi da alamar tambaya da fensir a gefen wannan farin wuri.